Da wace tiya ake auna harkar kuɗi a Nijar?

Wanda ya ɗauki takardar kuɗin sefa, ta jika ɗaya (sefa dubu) ko ta jika goma, ya ƙura wa lambobin da ke jikinta ido, zai ga harafi guda tare da su. Harafin H na Nijar ne, A na Kodebuwa, B na Benin, C na Burkina Faso, D na Mali, K na Senegal, T na Togo, S kuma na Gini Bisau. Harafin yana nuna ƙasar da BCEAO, babban bankin waɗannan ƙasashe takwas, ya fitar da takardar dominta, amma ba ya ɗaure mata ƙafa. Takardar da ta fito a Yamai tana iya shiga aljihun direban babbar mota ta wayi gari a tashar jiragen ruwa ta Kwatano ko ta Lome, ta kuma shekara ba ta komo gida ba. Saboda haka idan babban bankin yana son sanin yawan tsabar kuɗin da ke hannun mutanen Nijar, dole ya jira takardun da suka koma rassansa na ƙasashe takwas, a tantance su harafi bayan harafi, sannan a yi ƙiyasi. Wannan ita ce tambaya mafi sauƙi da za a iya yi game da harkar kuɗi ta kowace ƙasa, wato nawa ne ke yawo, kuma ko ita amsarta ƙiyasi ce. Ina ga tambayar da ta fi ta nauyi: shin harkar kuɗin Nijar ta ci gaba tsakanin 1980 da yau, kuma da nawa?

Masana tattalin arziki sun daɗe da sanin cewa ba a ganin ci gaban harkar kuɗi da ido, sai dai a nemi wata alama da za ta tsaya a madadinsa. Raymond Goldsmith ya fara kwatanta ƙasashe a kan haka tun 1969, sannan a 1993 Robert King da Ross Levine suka duba ƙasashe kusan 80 suka nuna cewa waɗanda bankunansu suka fi zurfi a farkon lokacin su ne suka fi saurin bunƙasa daga baya. Daga nan ma'aunai biyu suka zama ruwan dare. Na farko shi ne a haɗa tsabar kuɗin da ke hannun jama'a da ajiyar da ke bankuna, a raba da jimillar arzikin da ƙasa ta samar a shekara. Na biyu, wanda aka fi yarda da shi, shi ne a tara bashin da bankuna suka ba 'yan kasuwa da kamfanoni da ɗaiɗaikun mutane, ban da gwamnati, a raba da wannan jimillar arzikin. Dukansu rabawa ce, akwai lambar sama akwai lambar ƙasa, kuma yawancin ruɗanin da ake samu wajen karanta tarihin ƙasa irin Nijar yana fitowa ne daga mantawa da cewa kowace daga cikin lambobin biyu tana motsi da dalilinta.

A dubi ma'auni na biyu a tsawon shekaru arba'in. A farkon shekarun 1980 bashin da bankuna suka ba masu zaman kansu a Nijar ya haura kashi 15 cikin ɗari na jimillar arziki. A ƙarshen shekarun 1990 ya faɗo ƙasa da kashi 5. Sai a shekarun 2010 ya sake haura kashi 10. Wanda ya ga wannan zane ba tare da sanin labarin ba zai ce a zamanin Seyni Kountché ne harkar kuɗin Nijar ta fi ci gaba, kuma har yau ba a sake cim ma wancan matsayi ba. Gaskiyar lamarin ta fi haka ɗaci. Shekarun nan su ne ƙarshen garaɓasar yuraniyom, bayan kamfanin SOMAIR ya fara haƙa a Arlit a 1971, kamfanin COMINAK kuma ya biyo baya a 1978. Kuɗi ya shigo, gwamnati ta kafa kamfanoni, bankin raya ƙasa na BDRN, wanda aka kafa a 1961, ya zama babban mai ba da rance a ƙasar. Da farashin yuraniyom ya karye a farkon shekarun 1980, ga kuma farin 1984, sai aka tarar cewa kaso mai yawa na bashin da ke cikin littattafai ba mai dawowa ba ne. Asusun ba manoma rance na CNCA ya durƙushe, asusun ajiya na ƙasa ya bi sahu, BDRN kanta aka rufe ta a 1990, aka kafa SONIBANK a kan abin da ya rage mai rai.

Ma'anar wannan ga mai awo ita ce, tsayin da aka gani a shekarun 1980 ya ƙunshi bashin da ya riga ya mutu amma ba a binne shi ba. Ma'aunin yana lissafa kowane rance da ke rubuce, ba ruwansa da ko mai bashin yana biya ko ya daina amsa sallama. Kumburi ne aka ɗauka ƙiba. Haka kuma wani ɓangare na faɗuwar da ta biyo baya gyaran littattafai ne kawai, domin an cire ruɓaɓɓun basussuka daga lissafin bankuna aka miƙa su ga masu karɓo bashi. Ban ce babu ainihin ƙuncin rance a shekarun 1990 ba. Akwai shi ƙwarai, domin bankunan da suka tsira sun ƙi kusantar kowa sai wanda suka sani ciki da waje, kuma mutanen da ajiyarsu ta maƙale sun ɗauki darasin da suka gadar wa 'ya'yansu. Abin da nake cewa shi ne, nisan da ke tsakanin kashi 15 da kashi 5 ya fi ainihin nisan da aka faɗa.

Sai ga Janairun 1994, lokacin da aka karya darajar sefa da rabi, faran ɗaya na Faransa ya tashi daga sefa 50 ya koma 100. Farashin kaya a Nijar ya hau da fiye da kashi 30 cikin ɗari a wannan shekarar. Jimillar arziki, wadda ake ƙirgawa da farashin kasuwa, ta kumbura nan take, alhali bashin da aka riga aka rubuta da sefa yana nan yadda yake. Lambar ƙasa ta girma, lambar sama ta tsaya, ma'aunin ya faɗi ko da ba a hana kowa rance ba.

Irin wannan ya sake faruwa ta wata hanya dabam a ƙarshen shekarun 2010, sa'ad da hukumar ƙididdiga ta Nijar ta sabunta yadda take lissafin jimillar arziki, ta mayar da 2015 shekarar tushe, ta kuma shigar da ayyukan da a da ba a ƙirga su da kyau. Jimillar ta ƙaru da wajen kashi ɗaya cikin uku. A ɗauki misali mai sauƙi: idan bashin bankuna 12 ne, arziki kuma 100, ma'aunin kashi 12 ne, idan aka wayi gari aka ce arzikin ashe 133 ne, ma'aunin ya koma kashi 9, ba tare da wani banki ya rufe ƙofa ko wani ɗan kasuwa ya biya bashinsa ba. Maƙwabta sun ga abin da ya fi haka. Ghana ta yi nata gyaran a 2010 jimillar ta ƙaru da wajen kashi 60, Najeriya kuma a Afrilun 2014 ta tashi daga kimanin dala biliyan 270 zuwa dala biliyan 510. Duk wanda ya ɗauko adadi daga rahoton da aka buga a 2012 ya jera shi kusa da wanda aka buga a 2022, ya auna da tiya biyu masu girma dabam ya kuma ba da labarin ciniki ɗaya.

Akwai wata matsala a lambar ƙasa wadda babu gyaran da zai kawar da ita. Kusan kashi 40 cikin ɗari na jimillar arzikin Nijar daga noma da kiwo yake fitowa, kuma mai yawa daga ciki ba ya shiga kasuwa: geron da magidanci ya noma ya zuba a rumbu ya ci da iyalinsa ana yi masa ƙiyasin farashi a saka a lissafi. Shekarar da damina ta yi kyau jimillar arziki takan hau, ma'aunin zurfin bankuna ya sauka. Shekarar fari kuma ma'aunin ya hau, kamar a ce yunwa ta kawo ci gaba. Ga kuma naira. Daga Birnin Ƙonni zuwa Maraɗi, Magarya har Diffa, ciniki mai yawa da naira ake yin sa, 'yan canji na zaune a bakin kasuwa suna juya kuɗin biyu, wasu manyan 'yan kasuwa ma asusunsu yana Kano ko Katsina. Wannan ciniki yana shiga jimillar arziki gwargwadon yadda aka iya ƙiyasta shi, amma kuɗin da aka yi shi da su ba sa cikin lissafin BCEAO.

Ko da lambobin biyu sun inganta, ma'aunin ba ya faɗin wa ya karɓi bashin. Kashi 12 da aka raba wa mutum dubu ɗari da kashi 12 da ya tsaya a hannun kamfanoni ashirin, a takarda duk ɗaya ne. A Nijar rancen banki ya fi karkata ga manyan masu shigo da shinkafa da mai da siminti, kamfanonin sadarwa da na gine-gine, da ma'aikatan gwamnati da ke cin bashi a kan albashinsu, mafi yawa kuma gajeren zango ne. Noma, wanda ke ciyar da fiye da kashi 80 na jama'ar da ke karkara, abin da yake samu bai taka kara ya karya ba, shi ya sa ma gwamnati ta kafa bankin manoma na BAGRI a farkon shekarun 2010. Dalilin a fili yake: banki yana son jingina, gonar gado kuwa sau da yawa ba ta da takarda, kuma babu ma'aikacin banki da zai sa hannu a kan rancen da biyansa ya dogara da ruwan watan Agusta.

Irin waɗannan suka ne suka sa a 2012 masu bincike na Bankin Duniya suka raba awon gida huɗu, wato zurfi, isa ga jama'a, ingancin aiki da kuma tsayuwa da ƙafa, kowanne a duba shi a ɓangaren bankuna da makamantansu, a kuma duba shi a ɓangaren kasuwannin hannun jari da takardun bashi. Asusun ba da lamuni na duniya, IMF, ya biyo baya a 2015 da 2016 da maki guda da ke tsakanin 0 da 1, wanda ya tattaro ukun farko ya lissafa wa ƙasashe sama da 180 tun daga 1980. Maki guda yana da daɗin ambato a taro, amma ga ƙasa mai ƙaramin ƙarfi yana da rauni babba. An jera ƙasashen duniya ne a kan tsani ɗaya, daga Suwizalan da Amurka har ƙasa, don haka ƙasashen Sahel duk sun cunkushe a matakin farko, kuma sauyin da ya girgiza rayuwar mutane a cikin gida bai wuce ɗigo ba a kan tsanin. Rabin makin kuma na kasuwannin hannun jari ne. Nijar tana tarayya da sauran ƙasashen UEMOA, ƙungiyar ƙasashe takwas ɗin nan masu amfani da sefa, a kasuwar hannun jari ta BRVM da aka buɗe a Abijan a 1998, inda kamfanin Nijar da ke cikin jerin shi ne Bank of Africa Nijar. Abin da ke tafiya da gaske a kasuwar yankin shi ne takardun bashin gwamnati, kuma bankuna ne manyan masu sayensu, wanda ke nufin bunƙasar wannan kasuwa tana iya rage abin da ya rage wa ɗan kasuwa. A ɓangaren isa ga jama'a kuwa, makin yana ƙirga rassan banki da na'urorin cire kuɗi ne kawai, bai san da asusun wayar hannu ba.

Ƙirgar rassa tana da nata tarkon. Ana lissafa yawan rassa ga kowane baligi dubu ɗari, kuma Nijar tana cikin ƙasashen da jama'arsu suka fi saurin ƙaruwa a duniya: ƙidayar 2001 ta sami mutum miliyan 11, ta 2012 ta sami miliyan 17. Ƙasar da jama'arta ke ƙaruwa da kusan kashi 4 a shekara sai ta ƙara rassa da kashi 4 kowace shekara kafin ta tsaya inda take. Lissafin kuma ba ya tambayar ina rassan suke. Ƙasa ce mai faɗin murabba'in kilomita 1,267,000, rassan kuwa sun taru a Yamai da manyan biranen jihohi, ta yadda reshe na goma a unguwar kasuwanci ta babban birni da reshe na farko a garin da bai taɓa ganin banki ba suna ƙara wa ma'aunin abu ɗaya.

Daga rassa aka koma ƙirga asusu. BCEAO tana fitar da adadi uku kowace shekara: na masu asusu a banki da gidan waya da baitulmali, sai wanda ya haɗa da cibiyoyin ƙananan rance, sai mafi faɗi wanda ya haɗa har da kuɗin waya. A na ƙarshen nan Nijar ce ke ƙasan jerin ƙasashen ƙungiyar. Sai dai adadin daga cibiyoyin yake fitowa, kuma cibiya asusu take gani, ba mutum ba. Ɗan kasuwa mai asusu a bankuna uku yana iya zama mutum uku, layin waya da aka buɗe masa asusu a lokacin talla aka watsar yana nan a rubuce. Akwai kuma asusun albashi. Tun 2002 ƙungiyar ta umarci ƙasashenta su riƙa biyan albashi da manyan kuɗaɗen gwamnati ta banki, kuma duk wanda ya taɓa wucewa ta ƙofar banki a ƙarshen wata ya ga sakamakon: malaman makaranta da ma'aikatan jinya a layi tun da sassafe, wasu sun yi tafiyar yini daga ƙauyen da suke aiki, kowa ya kwashe abin da ya shigo ƙaf ya bar ɗan abin da zai hana a rufe asusun. Kuɗin yana kwana ɗaya ko biyu a banki, sauran kwanakin wata yana aljihu. A lissafi wannan mutum ya shiga tsarin banki. A rayuwa banki taga ce kawai da yake karɓar albashi.

Don a kauce wa wannan ne Bankin Duniya ya fara binciken Findex a 2011, inda ake zuwa gida-gida a tambayi mutane da kansu. Sakamakon Nijar a zagaye huɗu na farko shi ne: ƙasa da kashi 2 na manya ke da asusu a 2011, wajen kashi 7 a 2014, wajen kashi 16 a 2017, sai ya sauko wajen kashi 12 a zagayen 2021. Don kwatance, Kenya ta tashi daga kashi 42 a 2011 zuwa kashi 75 a 2014, saboda M-Pesa, tsarin ajiya da aika kuɗi ta wayar hannu. Wannan bincike shi ne mafi amfani da ake da shi, amma yana buƙatar a karanta shi da hankali. A 2011 ba a saka asusun waya cikin ma'anar asusu ba, sai daga 2014, don haka wani ɓangare na tsallen farko sauyin tambaya ne. Mutum kusan dubu ɗaya ake tambaya a kowace ƙasa, kuma da irin wannan adadi kuskure yana iya kai maki 2 ko 3 sama ko ƙasa, wanda ke nufin saukar da aka gani daga 16 zuwa 12 tana iya zama gaskiya, tana kuma iya zama rabinta wasan sa'a ne na waɗanda aka tarar a gida. A ƙasashen da ke fama da rashin tsaro akan tsame yankunan da ba a iya shiga, su ne kuwa suka fi nisa da banki. Ga kuma batun harshe: tambayar da aka tsara a Washington sai ta bi ta Faransanci ta iso Hausa ko Zabarmanci, a ƙasar da ake ƙirga kuɗi da dala, inda sefa 100 sunanta dala ashirin, kalmar asusu kuma tana nufin ɗan tulun da ake fasawa da salla kafin ta nufi lambar da ke kwamfutar banki.

Babban abin da duk waɗannan ma'aunai suka tsallake shi ne hanyar da kuɗi ya fi bi a Nijar. Kamfanonin aika kuɗi irin su Al Izza, NITA, BNIF Afuwa da Amana suna da rassa a garuruwan da banki bai taɓa takawa ba. Ɗan ci-rani a Yamai ko Agadas yakan je taga ya miƙa jika ashirin da ɗan ladan aiki, ya faɗi sunan mahaifiyarsa da garinsu, a ba shi lamba ya karanta mata a waya, ita kuma ta aiki ƙanensa ko ta je da kanta da katin shaida ta karɓa kafin la'asar. Babu asusun da aka buɗe, don haka shekaru da yawa wannan ciniki bai motsa ko ɗaya daga cikin adadin masu asusu ba. Wannan ma yana cikin dalilan da suka sa kuɗin waya bai kama a Nijar yadda ya kama a Kodebuwa ko Senegal ba, duk da cewa an kawo shi tun wajen 2009, domin buƙatar da zai biya an riga an biya ta ta wata hanya da mutane suka saba da ita. Yanzu da wasu daga cikin kamfanonin suka fito da manhajojin waya masu riƙe kuɗi, mutanen da suka shekara goma suna aike za su fara bayyana a lissafi kamar sababbin shiga, ma'aunin ya yi tsalle, alhali al'adar tsohuwa ce.

Ƙasa da wannan kuma akwai abin da bai taɓa shiga littafin kowace hukuma ba. Akwai adashi, inda uwar adashi ke riƙe da amanar unguwa gaba ɗaya ba tare da takarda ba. Akwai akuyar da mace ke saya da kuɗin sana'arta, wadda ita ce ajiyarta, ita ce kuma abin da za ta sayar ranar da yaro ya kwanta. Akwai bashin hatsi da ake ci da damina a biya ninki da kaka, da kayan da babban ɗan kasuwa ke ba yaransa su sayar su kawo kuɗi. A 1991 ƙungiyar CARE ta fara Mata Masu Dubara a yankin Maraɗi, inda mata ke zuba kuɗi mako-mako a akwati mai kwado, su ranta wa juna, su raba a ƙarshen zango. Tsarin ya bazu zuwa ƙasashe da dama na Afirka da Asiya, amma a ma'aunin zurfin harkar kuɗi na ƙasar da aka haife shi ba ya nan. Haka jinginar amfanin gona da aka fara gwadawa a ƙarshen shekarun 1990, inda manoma ke zuba hatsi a sito mai kwado biyu, makulli ɗaya a hannunsu ɗaya a hannun mai ba da rance, su karɓi kuɗi su jira farashi ya tashi. Wasu kuma sun guje wa banki ne da gangan saboda kuɗin ruwa, kuma ma'aunin ba ya bambanta wanda aka hana da wanda ya ƙi. Ba na cikin masu cewa waɗannan hanyoyi sun wadatar. Adashi ba ya gina masana'anta, akuya kuma tana faɗuwa a farashi daidai lokacin fari da kowa ke son sayarwa. Amma idan mace ta kwashe kuɗinta daga adashi ta kai cibiyar ƙananan rance, ma'aunin zai ce an sami sabuwar ajiya, alhali wuri kawai ta sauya.

Ingancin aiki akan auna shi da tazarar da ke tsakanin ruwan da banki ke biyan mai ajiya da wanda yake karɓa daga mai rance. A nan hukuma ta riga ta sa hannu a ɓangarorin biyu, domin akwai mafi ƙarancin ruwa na kashi 3.5 ga ƙananan asusun ajiya, akwai kuma iyakar da ba a haurawa wajen rance, wadda aka sauke a 2014 daga kashi 18 zuwa 15 ga bankuna, daga 27 zuwa 24 ga cibiyoyin ƙananan rance. Tazarar da doka ta matse ba shaidar gasa ba ce. Sau da yawa ma tana nufin mai ba da rance ya daina zuwa inda kuɗin mai da na ma'aikaci suka fi abin da aka yarda ya karɓa.

Tsayuwa da ƙafa kuwa ana duba ta ne da rabon bashin da ya ƙi dawowa da kuma ƙarfin jarin banki, kuma a nan ma ma'anar ta sauya a tsakiyar hanya. Hukumar sa ido kan bankunan yankin a 1990 aka kafa ta, bayan ɓarnar shekarun 1980, don haka alƙaluman da suka gabace ta ba su da mai tantancewa irin na yau. Daga Janairun 2018 aka shiga sababbin ƙa'idojin jari, aka kuma rage wa'adin da bashi zai yi ba a biya ba kafin a kira shi mai matsala, daga wata 6 zuwa kwana 90 ga yawancin basussuka. Mafi ƙarancin jarin banki ya tashi daga sefa biliyan 5 zuwa 10, a ƙarshen 2023 kuma aka yanke shawarar kai shi 20. Idan rabon bashi mai matsala ya hau a irin wannan shekara, sai an bincika kafin a san ko masu bashi ne suka lalace ko idon mai duba ne ya ƙara kaifi.

Abin da ya faru bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 ya gwada dukan ma'aunan a lokaci guda. A ranar 30 ga wata ECOWAS da UEMOA suka saka takunkumi, aka rufe iyakoki, aka riƙe asusun gwamnati da ke BCEAO, aka yanke ta daga kasuwar takardun bashi ta yankin, har ta kasa biyan wasu basussuka a kan lokaci. Tsabar kuɗi ta yi ƙaranci, bankuna suka iyakance abin da mutum zai iya cirewa a rana. Masu asusu, waɗanda su ne ake nunawa a matsayin shaidar ci gaba, su ne suka sha layi, mai ajiye kuɗinsa a shago ko a garke kuwa bai nemi izinin kowa ba. A takarda asusun suna nan, rassan suna nan, ajiyar ma tana nan, tunda wani ɓangare nata ba ya iya fita. An ɗage takunkumin a ranar 24 ga Fabrairun 2024, amma ma'aunan da ake lissafawa sau ɗaya a ƙarshen shekara ba su da gurbin da za a rubuta cewa wata bakwai mutum yana da kuɗi a banki ba ya iya taɓa su yadda yake so, ko kuma nawa ne daga cikin 'yan kasuwa suka yanke shawarar rage abin da suke kaiwa banki daga wannan rana. A ganina adadin da ya fi dacewa a bi a shekarun da ke tafe shi ne rabon tsabar kuɗi a cikin dukan kuɗin da ke yawo, da rabon ajiyar dogon zango a cikin dukan ajiya, domin su ne ke nuna ko mutane sun yarda su bar kuɗinsu ya kwana a hannun wani. Na farkon kuwa shi ne wanda ya dogara da tantance takardu masu harafin H.

A 2024 kuma lambar ƙasa ta sake motsawa. An fara fitar da ɗanyen mai daga Agadem ta bututun da ya kai kusan kilomita 2,000 zuwa gaɓar teku a Benin, bayan shekarun da matatar Damagaram mai ganga 20,000 a rana ita ce kusan iyakar abin da ake haƙowa dominta tun 2011. Kuɗin gina bututun daga waje ya zo, ba daga bankunan Yamai ba, don haka man zai ƙara jimillar arziki ba tare da ya ƙara bashin da bankunan gida suka bayar daidai gwargwado ba. Mai jera alƙaluman shekarun 2024 zuwa gaba yana iya ganin ma'aunin zurfi ya tsaya ko ya sauka, kuma kafin ya rubuta cewa harkar kuɗi ta ja baya, sai ya sake yin lissafin da jimillar arzikin da aka cire mai daga cikinta.